Motar da ta yi kwantai tana sabuwa, aka saye ta sama da miliyar 7 da ta tsufa

'Yan kasuwa, mun san ba ku son jin kalmar kwantai. To ga labarin wata haja da kwantai ya yi wa rana.

A watan Yuli na 2018, kamfanin dillanci na Bonhams ya sa wata tsohuwar mota a gwanjo a Goodwood, ƙasar Ingila. Gwanjon nasu ba irin na dilar tufafi ba ne: masu kuɗi ne ke zama suna tayi, wannan ya ɗora a kan na wancan. Da aka sallama, kuɗin ya kai fam 10,081,500 har da la'ada, wato sama da miliyar 7 na sefa a canjin lokacin. Mota mai kujera biyu, wadda ko buhun albasa ba ta da wurin sa shi!

Sunanta Aston Martin DB4 GT Zagato. Inji da ƙashin motar a Ingila ake yin su, sannan a aika birnin Milan na Italiya, inda maƙeran gidan Zagato ke bubbuga fallen alminiyom da hannu har jiki ya fito. Don ta rage nauyi wajen tsere, an cire ƙarafan kariya na gaba da baya, an sa roba a madadin wasu gilasai. Shi ya sa ba biyu da suka yi kama sak.

An fito da ita a 1960 da niyyar ƙera 25. Tsada ta kori masu saye, aka tsaya a 19. Wannan ƙarancin shi ne ake biya yau.

Amma a ganinmu ba shi kaɗai ba ne. Wadda aka sayar ɗin, mai lamba 2 VEV, tana da tarihi a rubuce. Jim Clark, wanda ya zama zakaran tseren motoci na duniya a 1963 da 1965, ya tuƙa ta, har ya yi karo da ita a filin Goodwood ɗin nan a 1962. A wata motar, hatsari karya farashi yake. A wannan, ƙara mata daraja ya yi. Iyalin da suka sayar da ita kuwa sun riƙe ta tun 1971, lokacin da aka saye ta fam 3,600. Shekara 47 suna kashe mata kuɗi ba su saki ba.

Inda mai saye ke iya faɗawa rami shi ne nan: an yi ta ɗaukar wasu tsofaffin Aston Martin ana yi musu jiki irin na Zagato, kuma ido ba ya rabe su cikin sauƙi. Kamfanin da kansa ya yarda aka ƙera wasu 4 da aka fito da su a 1991. Su ma suna da tsada, amma ba su kusanci na asali ba. Don haka kafin a buɗe baki a taya, sai an sa masana sun duba lambar da ke jikin ƙashin motar, sun bi takardu daga mai ita na farko har zuwa na ƙarshe.