Tanadin Ranar Guguwa a Ulaya

Ulaya wata unguwa ce a tsakiyar Riyad, babban birnin ƙasar Saudiyya. A nan ne a ke da manyan kantuna da dogayen benaye, kamar Faisaliyya wadda aka gama a 2000, da Mamlaka wadda aka gama a 2002. Baƙon da ya ga yawan kantunan nan sai ya zaci mutanen wurin ba su bukatar ajiye kome a gida. Amma ba haka ba ne.

Riyad a cikin hamada ta ke, kuma abu biyu su kan tsare mutanenta a ɗaka. Na fari shi ne guguwar ƙura, wadda ta fi yawa daga Maris zuwa Mayu. Ran 10 ga Maris, 1959 ba a san irin birnin nan na yanzu ba, amma ran 10 ga Maris, 2009, wata ƙura ta rufe shi da rana tsaka, gari ya yi ja, jiragen sama suka kasa tashi. Na biyu shi ne ruwan sama. Abin da a kan samu a shekara kamar inci 4 ne, alhali kuwa Kano ta kan sami fiye da inci 30. Amma wani lokaci ya kan zubo gaba ɗaya, ƙasa ta kasa shanyewa. Haka aka yi cikin Nuwamba, 2013. Hanyoyin mota suka cika, aka rufe makarantu, har aka yi hasarar rayuka.

To, mai gida mai hankali da ruwan sha ya ke fara tanadi. Dalili kuwa, yawancin ruwan Riyad daga teku a ke tace shi, a turo shi ta bututu daga wurare kamar Jubail, tafiyar fiye da mil 250. In ya iso gida sai ya shiga tanki a ƙasa, injin lantarki ya kai shi sama. Ashe ke nan in wuta ta ɗauke, wanda ke zaune a bene ya na iya rasa ruwa. Hukumar agaji ta Amurka ta kan ba da shawara a ajiye wa kowane mutum galan guda na kowace rana, na aƙalla kwana 3.

Sa'an nan sai abinci, watau irin wanda ba ya lalacewa da zafi. Sarkinsu dabino, domin ba ya bukatar wuta, ya kuwa daɗe. Bayansa sai buhun shinkafa, da garin alkama, da man girki, da madara da kifi na gwangwani. A kan kuma tanadi tukunyar gas, da ashana, da tocila da batir, da takunkumin rufe hanci, da maganin masu ciwon fuka, don ƙura ta fi wahal da su. Uwargida ta kan riƙa ɗiba daga tsohon kaya, ta na mayar da sabo, kada ya ruɓe a ajiye.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Manomi a ƙasar Katsina ya kan cika rumbunsa da kaka saboda damina mai zuwa. Bambancin kawai, shi tanadinsa na watanni ne, na mutumin Ulaya kuwa na 'yan kwanaki. Dukansu dai sun san ba a fafe gora ranar tafiya.