Yadda ake goge fentin mota ba tare da ɓata shi ba

Mai karatu, ka taɓa duban jikin baƙar mota da tsakar rana? Za ka ga ƴan ƙananan zane suna kewaye kamar saƙar gizo-gizo. Ƙwarzane ne. Yawancinsa ba hatsari ne ya kawo shi ba, wajen wanki aka yi shi.

Fentin mota hawa uku ne. Na ƙasa yana manne da ƙarfe, yana kare shi daga tsatsa. Na tsakiya shi ne launi: fari, ja, baƙi ko shuɗi. Na sama ba shi da launi, garau yake kamar gilashi. Shi ne mai ƙyalli, kuma shi ke tare zafin rana. Dukkansu ukun in an haɗa, kaurinsu kamar na takardar littafin nan ne da ke hannunka. Na saman kuwa bai kai rabin takardar ba.

A nan Difa, fenti na da maƙiya uku. Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga kuma rairayin ƙasar Manga. Ƙwayar rairayi ta fi fenti tauri. Na biyu rana: a Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Na uku ruwa mai kanwa, irin na wasu rijiyoyi na wajen Maine-Sorowa. In ya bushe a jikin mota, sai ya bar farin tabo.

A Turai, masu motocin tsere irin su Ferrari da Porsche suna biyan kuɗi mai yawa a goge musu fenti da inji. Injin yana da faifai mai juyawa, an manna masa soso. Ana ɗiga wani mai a kan soson. Cikin man akwai gari mai laushi ƙwarai, wanda ke cin fenti kaɗan-kaɗan.

To, ga abin da za ka riƙe. Injin nan ba ya ƙara fenti, ragewa yake yi. Yana cin saman gilashin har ya yi daidai da gindin ƙwarzanen, sai jiki ya yi sumul, ƙyalli ya dawo. Kamar wasa wuƙa ne a kan dutse: tana yin kaifi, amma ƙarfenta raguwa yake. Shi ya sa gwanayen aikin sukan auna kaurin fenti da wata ƙaramar na'ura kafin su fara. In gilashin ya ƙare, gyara ɗaya ya rage: a kai mota garaji a sake fesa fenti.

Injin iri biyu ne. Ɗaya yana juyawa kawai. Yana da sauri, amma yana zafafa fenti, in hannunka ya tsaya wuri guda sai ya ƙona shi. Ɗayan yana juyawa yana karkaɗawa. Ba shi da sauri, amma ya fi dacewa da mai koyo.

In za ka goge mota, bi waɗannan matakai:

1. Kai ta inuwa, inda iska ba ta kawo ƙura. Taɓa jikinta. In da zafi, jira ta huce.
2. Wanke ta tas. Ƙwayar rairayi ɗaya a cikin soso ta isa ta ɓata ƙofa guda.
3. Ja farcenka a kan ƙwarzanen. In farce ya maƙale, ya yi zurfi, inji ba zai fid da shi ba.
4. Fara da mai mafi laushi, ka gwada a wani ɗan lungu.
5. Ɗauki wuri kamar kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi. Ka riƙa tafiya da injin sannu, kada ka danna da ƙarfi.
6. Yi hankali da bakin ƙofa da kusurwa, don nan fenti ya fi sirantaka.
7. In ka gama, shafa kakin mota, ka goge da tsumma mai laushi.

In ka ga launin mota a jikin soso, dakata. Ko dai ka huda gilashin, ko kuwa tsohuwar mota ce da aka yi ba tare da shi ba.

Wanki mai kyau ya fi guga sauƙi da araha. Kada ka share ƙura da busasshen tsumma. Fara watsa ruwa, rairayi ya sauka. Ka tanadi bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. Wanke daga sama zuwa ƙasa, tayoyi su zo ƙarshe da wani soso dabam. In ruwan Komadugu ka ɗebo, bar shi ya kwanta tukuna, don yana da laka. Kada ka yi wankin a bakin kogi: mai da sabulu za su gangara inda ake kamun kifi, ake kuma ban ruwan tattasai. In ka ajiye mota ƙarƙashin dogon yaro, wanke kashin tsuntsu nan da nan, don yana cin fenti.

In motarka ce, mai saye jikinta zai fara dubawa ran da za ka sayar. In kuwa wankin mota ne sana'arka, motar wani amana ce a hannunka. Ka ƙona fenti, kai za ka biya, kuma mai ita ba zai sake kawo maka ba.

Tambayoyi

1. Fentin mota hawa nawa ne?
2. Me injin guga yake yi wa fenti?
3. Don me ake amfani da bokiti biyu?