Nutso a Bonaire: haɗarin yana wajen fitowa

Yau ƙarƙashin teku za mu shiga, a tsibirin Bonaire da ke yankin Karibiyan, kimanin kilomita 80 daga gaɓar Benezuwela, kuma yana ƙarƙashin ƙasar Holan.

Masu nutso da tukunyar iska a baya suna son wurin nan saboda dalili ɗaya babba. Iska daga gabas take bugowa, tsibirin ya tare ta, shi ya sa ruwan gefen yamma yake kwance luf, garau kuma. Duwatsun murjani na nan dab da gaɓa, ba sai ka hau jirgin ruwa ba. A bakin titi za ka ga duwatsu da fentin ruwan ɗorawa ɗauke da sunan wurin nutso, ka ajiye mota, ka saɓa kayanka, ka taka cikin ruwa. Tun 1979 aka killace ruwan da doka. Ba a jefa anga, ba a taɓa murjani, ko safar hannu ma an hana don kada a ji daɗin taɓawa. Murjanin nan fa ba dutse ba ne zalla, ƙananan halittu ne masu rai suke gina shi a hankali, shekara da shekaru.

To amma kwanciyar ruwa na yaudarar sabon shiga. Nauyin ruwa ba ruwansa da igiya ko rashinta. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a doron ƙasa. Wato a mita 10 ya ninka biyu. Ka cika huhunka a can, ka riƙe numfashi ka taso, iskar za ta kumbura ta ninka girmanta, huhu kuwa na iya yagewa. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa kowa ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi.

Na biyu, abin da ke cikin tukunyar. Da yawa suna zaton oksijin ne tsantsa. A'a, yawanci iskar nan ce tamu aka matse, kusan kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. A ƙasa, matsi yana tura naitirojin ɗin cikin jini da tsoka. Kun san kwalbar lemo mai gas idan an girgiza an buɗe da sauri? Haka jiki yake yi idan ka taso a guje, kumfa ta taru a gaɓɓai da jijiyoyi, abin ya iya kaiwa ga shanyewar jiki. Don haka ake tasowa sannu sannu, a tsaya a mita 5 na minti 3 kafin a fito. Wanda ya yi horon farko ba ya wuce mita 18.

Abin ma bai ƙare a bakin ruwa ba. Bayan nutso ɗaya, a jira akalla awa 12 kafin a hau jirgin sama. Wanda ya yi kwanaki yana shiga, awa 18, saboda a sama matsi raguwa yake yi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.