Wa Ke Biyan Kuɗin Iska?

Manomi yakan sayi maganin ƙwari da kuɗinsa, amma iskar da tururin maganin ke shiga ba ya biyan ko kwabo a kanta. Ribar tasa ce shi kaɗai, cutar kuwa ta kowa da kowa. To, wannan ne ya sa hukuma ta kan sa baki. Bari mu duba misali guda.

Akwai wani magani mai suna metil buromaid. Manoman Kalifoniya ta ƙasar Amurka sun daɗe suna ɗura shi cikin ƙasa kafin su dasa sitiroberi, watau ɗan tsiron nan mai jajayen 'ya'ya masu zaƙi. Yakan kashe tsutsotsi da cututtukan ƙasa da irin ciyawa. Amma tururinsa yakan tashi sama ya ci shimfiɗar ozon, wadda ke tare mana mugun hasken rana mai kawo ciwon daji na fata da yanar ido.

Cikin 1987 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a Mantiriyal domin kiyaye ozon, a 1992 kuma suka sa wannan magani a ciki. Ba a hana shi dare ɗaya ba, gama da an yi haka, da manoma sun karye. Ƙasashe masu arziki suka rage kashi 25 cikin ɗari a 1999, kashi 50 a 2001, kashi 70 a 2003, sa'an nan suka daina a 2005. Masu tasowa aka ɗaga musu zuwa 2015, aka kuma taimake su daga wani asusu da masu arziki ke zuba wa kuɗi.

Da maganin ya yi ƙaranci sai ya yi tsada, tsadar kuwa ta kori manoma zuwa neman wata dabara. Masu sitiroberi suka yi kukan ba su da madadi, aka yi ta ba su rangwame har 2016. Magungunan da suka koma wa ma suna da nasu tururi, dole a rufe gona da leda mai kauri, wannan ma kuɗi ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun tsaya gaban aji muna koyar da lissafin riba da hasara, mu tuna wa yara cewa lissafin bai cika ba sai an sa hasarar maƙwabci a ciki.