Mu duba kai da gindin tukunyar gas kafin mu kai ta gida

 Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, tukunyar gas take ƙara shiga gidajenmu. To, mun taɓa lura kanta da gindinta ba shimfiɗe suke ba?

Dalili shi ne iskar ciki tana tura ƙarfe ta ko'ina. Wuri mai lanƙwasa yana rarraba wannan nauyi, shimfiɗaɗɗe kuwa kumbura yake, walda ta tsage.

Masu ƙera irin waɗannan tankuna sun fi amfani da siffa uku, kuma da igiya ma ana gane su. A auna faɗin tukunyar, a auna tudun kan, ban da ƙarfen riƙo da na zama.

Ta farko kamar ƙwarya ce a kife: tudunta rabin faɗi. Ita ta fi jure matsi, amma ƙerarta na da tsada. Ta biyu ta fi kwanciya, tudunta kashi ɗaya cikin huɗu na faɗi, lanƙwasarta sumul ba gargada. Irinta muka fi gani a tukwanen gas. Ta uku kamar tasa ce: tsakiya kusan kwance, sai lanƙwasa mai tsanani dab da baki. Ta fi arha, amma a wannan lanƙwasa matsi yake taruwa, don haka can ake fara neman tsaga. Wasu tankunan iska na masu faci haka suke.

Tano kuwa, wato duro, kansa shimfiɗe ne, domin ajiyar ruwa ko mai aka yi shi. Kada mai walda ya mai da shi tankin iska. Arhar nan tana iya cin rai.

In za mu karɓi tukunya, mu shafa kan, mu karkata ta mu leƙa gindin, inda tsatsa ke ɓuya. In akwai lotsawa, kumburi, tsatsa mai cin ƙarfe ko alamar sabuwar walda, mu ce a canza mana, ba kunya. A gida kuma ta zauna tsaye a inuwa, musamman a bazara, domin zafi na ƙara matsin ciki.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu.