Metamfetamin: yadda take shiga tsakanin aboki da aboki

Metamfetamin ƙwaya ce mai zaburar da ƙwaƙwalwa, wadda aka fara haɗawa a Japan a 1893. Takan zo kamar fasasshen gilashi ko ƙwayoyin gishiri, a zuƙi hayaƙinta, a shaƙa, ko a yi allura. A Afirka ta Kudu ana kiran ta tik, a ƙasar Ibo kuma mkpuru mmiri. Hukumar NDLEA ta Najeriya ta gano gidan dafa ta na farko a Legas a 2011. A Nijar Tramol aka fi sani, amma matasanmu masu tafiya cin rani kudancin Najeriya suna iya gamuwa da ita, don haka ya kamata ƴan fada su san ta.

Da wuya baƙo ya fara miƙa wa mutum ita. Yawanci aboki ne, abokin aiki ko abokin kwana, zai ce tana kore gajiya. Ba ƙarya ya yi duka ba, nan haɗarin yake. Ƙwayar tana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin jin daɗi mai suna dofamin fiye da kima, ƙarfinta kuma yakan kai awa 8 zuwa 12. A kwanakin farko mai sha yakan zama mai fara'a da yawan surutu.

Daga nan lokacinsa ya saɓa da na jama'a. Yana iya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, sa'an nan ya faɗi barci da baƙin rai. Suna ya wuce, jana'iza ta wuce, ba a gan shi ba. Sai rance: jika yau, jika biyu gobe, daga baya salular wani ta ɓata a fada.

Abin da ya fi raba zumunci shi ne zargi. Rashin barci da ƙarfin ƙwayar suna sa mutum ya ji muryoyin da babu su, ya ga kamar ana bin sa. Abokin da suka tashi tare shi zai fara tuhuma da cin amana ko haɗa baki da ƴan sanda. Aboki yakan ji zafi ya janye. A ganina ba laifi ya yi ba, sai dai janyewar kowa tana barin mai sha a hannun abokan shansa kaɗai.

Wanda ke son taimako kada ya ba da kuɗi a hannu. Ya ba da abinci, ya raka shi gidan likita. Kada a yi masa gardama yana cikin ruɗu, a jira sai ya yi barci ya farka. A 2021 wasu garuruwan Ibo sun riƙa ɗaure masu sha ana yi musu bulala a bainar jama'a, alhali duka ba ya cire jaraba daga ƙwaƙwalwa. In an ga ciwon ƙirji, farfaɗiya, zafin jiki mai tsanani ko maganar kashe kai, a garzaya asibiti.

Wanda ya daina yakan yi makonni cikin kasala, komi bai yi masa daɗi, kuma dole ya rabu da abokan shan. A wannan lokaci a riƙa zuwa gida ana ɗauko shi zuwa shayin fada, ko da zai zauna bai ce uffan ba.