Kare Arthur: Tsakanin Fim da Gaskiyar Labari

Shirinmu na musamman na yau zai duba fim ɗin Arthur the King, wanda ya fito a watan Maris na 2024, da kuma muhawarar da ya tayar.

Labarin ya faru da gaske. A shekarar 2014 aka yi gasar duniya ta tseren juriya a ƙasar Ekwado, tafiyar kusan kilomita 700, wani wuri a ƙafa, wani a keke, wani a kwale-kwale. Ana cikin gasar, shugaban wata tawagar 'yan wasan Suwidin, Mikael Lindnord, ya ga wani kare duk rauni a jikinsa, sai ya jefa masa dunƙulen nama. Shi ke nan fa, kare ya maƙale musu. Ya bi su cikin daji da laka. Da suka shiga kwale-kwale suka bar shi a gaɓa, sai ya faɗa ruwa yana iyo a bayansu, har Lindnord ya tsamo shi. Suka raɗa masa suna Arthur, aka kai shi Suwidin, likitocin dabbobi suka yi masa magani, ya rayu a can har watan Disamba na 2020.

To, me masu kallo suka ce? Da yawa fim ɗin ya sosa musu zuciya, musamman wurin da jarumin fim ɗin, Mark Wahlberg, da abokan tafiyarsa suka sadaukar da nasara don ceton ran karen. Masu sharhin fina-finai kuwa ra'ayinsu ya rabu. Wasu sun ce tun farko ka san inda labarin zai ƙare, kuma an daɗe ana tsere kafin kare da mutum su haɗu sosai.

Sai dai akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi. Masu shirya fim sun ɗauke labarin daga Ekwado suka kai shi Jamhuriyar Dominika, ɗan Suwidin ya koma Ba'amurke. Ga kuma wani mutumin ƙauye a Ekwado da ya fito ya ce karen nasa ne, sunan karen Barbuncho, yawo kawai ya fita. Fim ɗin bai ce uffan kan wannan ba.

Wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa zai fahimci wannan magana. Karen maharbi yakan wuni yana zaga gari babu igiya a wuyansa, amma ko yaro ka tambaya zai nuna maka gidan mai shi. Baƙo ne kaɗai zai gan shi ya ce ba shi da uban gida.

Ra'ayinmu a wannan shiri shi ne, fim ɗin ya cancanci kallo, domin ya koyar da jin ƙan dabba, kuma Lindnord ya kula da karen har ƙarshen rayuwarsa. Amma kuskure ne a share mutanen da labarin ya faru a ƙasarsu.

Jama'a, idan kun zauna kallon wannan fim, ku gaya wa yaranku cewa a Ekwado abin ya faru, kuma ku hana su jifan dabbar da ba ta yi musu komai ba.